Agogon Hasumiya da Mai Kula da Shi

  

An nemi in yi magana a kan gyaran tsohon agogon hasumiyar coci. Na tabbata akwai mai tambayar kansa: yau da kowa ke da waya a aljihu, da yawanmu kuma kiran salla ne ke tsaga mana yini, ina ruwan mutumin garinmu Mindif, a nan arewacin Kamaru, da agogon coci? Tambayar tana kan hanya, kuma ba zan tashi ban amsa ta ba. Amma ku ba ni dama in fara da labarin agogo guda ɗaya, domin a jikinsa za mu ga abin da ake nufi da gyara.

A kudancin Ingila akwai gari mai suna Salisbury. An gina babbar majami'arsa tsakanin 1220 da 1258, tsinin hasumiyarta ya kai mita 123, duk ƙasar babu cocin da ya kai shi tsawo. Wanda ya shiga ciki zai tarar da wani ƙeren baƙin ƙarfe mai kusurwa huɗu a ajiye a ƙasa, cike da faya-fayai masu haƙora, ga igiyoyi sun tashi sama suna riƙe da manyan duwatsu biyu. Ba shi da fuska, ba shi da hannu, ba a dubansa a san ƙarfe nawa. Aikinsa ɗaya ne: in awa ta cika ya buga ƙararrawa gari ya ji. Asalin ƙirarsa babu noti. Maƙera ne suka huda, suka zura, suka doka 'yan turaku suka matse. Ana danganta shi da shekarar 1386, wato fiye da shekara 400 kafin Modibbo Adama ya karɓo tuta. Akwai masanan da ke ganin shekarunsa ba su kai haka ba, gardamar kuma ba ta mutu ba, amma su ma sun yarda ya kwashe ɗaruruwan shekaru a duniya.

Da farko a wata hasumiyar ƙararrawa yake, daban da ginin cocin. Wajen 1790 aka rushe ta, aka mai da agogon cikin babbar hasumiya, ya ci gaba da aiki har 1884. A shekarar nan aka kawo sabo, tsohon kuwa aka ture shi gefe, aka manta da shi. Ya fi shekara 40 a nan cikin ƙura. Sai a ƙarshen shekarun 1920 wani mai sha'awar agoguna, T. R. Robinson, ya hau don ya duba sabon, idonsa ya faɗa kan tsohon, ya gane abin da yake kallo. Aka sauko da shi a 1931 aka ajiye mutane su gani, sannan a 1956 aka kwance shi aka kai wa maƙeran agogo na kamfanin John Smith & Sons a garin Derby, suka tayar da shi. Ina so ku lura da abin da ya cece shi. Duk tsawon shekarun nan da yake yashe, ba wanda ya ce a auna shi a kan sikeli a sayar wa masu narka ƙarfe.

Bari in tsaya in bayyana yadda irin wannan agogo ke tafiya, don wanda bai gane tafiyarsa ba ba zai gane gyaransa ba. Ana naɗe igiya a jikin gungume, a rataya dutse a bakinta. Dutsen yana neman ƙasa, sai ya riƙa jan igiyar, gungumen ya juya, ya juya faifai mai haƙora, wannan kuma ya juya na gaba. Da za a bar shi haka, kafin a ƙifta ido dutsen ya dira. Hikimar duka tana wurin wani ɗan ƙarfe da ke tare haƙori ɗaya ya sake shi, ya tare na gaba ya sake shi. Ƙas-ƙas ɗin da kuke ji a agogo shi ne wannan riƙewa da sakewa. A agogunan farko, abin da ke ƙayyade saurinsa wata sanda ce a gicciye, da ɗan nauyi a kowane gefe, tana kai da komo. Ba ta da tabbas ko kaɗan. Agogo irin wannan kan yi kuskuren kusan minti 15 a yini. Sai a 1656 wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya haɗa agogo da lilo, wato doguwar sanda mai nauyi a ƙasa tana reto. Lilo mai tsawon kusan mita ɗaya yana cin sakan ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, kuma da shi kuskuren yini ya sauko daga mintoci zuwa 'yan sakanni. Nan da nan garuruwan Turai suka shiga cire tsohuwar sanda suna sa lilo. Na Salisbury ma haka aka yi masa.

To, nan ne masu gyaran 1956 suka zo mararraba. Agogo mai lilo aka kawo musu, amma sun san ba haka aka ƙera shi ba. Har suka nemi taimakon kamfanin Rolls-Royce aka ɗauki hoton cikin ƙarafan, irin wanda ake yi wa mai karaya a asibiti, hoton kuma ya nuna inda aka ƙara wa sanduna tsawo lokacin da aka sa lilon. Suka yanke shawarar mai da shi kamanninsa na farko: suka cire lilon, suka ƙera sabuwar sanda irin ta dā suka sa.

Aikin yana da kyau ta fuska ɗaya, domin yau ɗalibi zai tsaya ya ga da idonsa yadda agogon farko ke tafiya. Amma ni ban gamsu da shi duka ba. Lilon nan da aka cire shi ma tarihi ne. Wani maƙeri ne ya zauna ya yi tunani ya sa shi, kuma da shi agogon ya yi wa garin aiki har 1884. Sandar da ke jikinsa yanzu kuwa 'yar 1956 ce, komai kamanninta da tsufa. Da ni aka tambaya, da na ce a bar lilon inda yake, a ƙera kwafin tsohuwar sigar a ajiye a gefe don masu koyo. Shekara 8 bayan wannan gyara, a 1964, masana adana kayan tarihi suka taru a birnin Venis na Italiya suka amince da wasu ƙa'idoji, daga ciki har da cewa a mutunta abin da kowane zamani ya ƙara, sabon da aka sa a bar shi a gane cewa sabo ne, duk abin da aka yi kuma a rubuta shi. Mai gyaran kirki a yau ba ya huda inda babu huji, ba ya yin walda a inda za a iya ɗaurewa, abin da ya cire kuma yakan sa masa lamba ya ajiye shi kusa da agogon, don na bayansa ya iya mayarwa in ya ga dama.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk labarin. Shekarar nan ta 1386 daga ina aka samo ta? Ba a jikin ƙarfen aka rubuta ba. Daga wata tsohuwar takarda ce ta majami'ar, wadda ke maganar tanadin da aka yi wa mai kula da agogo. Ashe tun ranar farko mutanen nan sun san cewa agogo da mai kula da shi tare ake samar da su. Agogon hasumiya kamar doki yake: saye rana ɗaya ne, harawa da dusa kuwa kullum. Dutsen da ya sauka sai an hau an naɗe igiyarsa. Babban agogon majalisar Ingila a Landan, wanda duniya ta sani da Big Ben, ya fara aiki a 1859, har yau kuma sau uku a mako ake hawa a naɗe shi. In ya yi jinkiri ko ya yi sauri, tsofaffin kwabbai ake ɗorawa ko a ɗauke a kan lilonsa. Kwabo ɗaya yana sauya tafiyarsa da sakan 0.4 a yini. An kashe kusan fam miliyan 80 wajen gyaran hasumiyar tsakanin 2017 da 2022, amma da masu hawan nan za su daina hawa, cikin 'yan kwanaki zai tsaya cak.

Musulmi ma sun san wannan tun dā. Manyan masallatan Masar da Sham suna da ma'aikaci na musamman, muwaƙƙit, wanda aikinsa lissafin lokutan salla, ana biyansa daga dukiyar waƙafi. Ibn al-Shatir, wanda ya rasu a 1375, shi ne muwaƙƙit na Masallacin Banu Umayya a Dimashƙu, ya kuma yi wa hasumiyar masallacin agogon rana na marmara wanda masana taurari ke jinjina wa har yau. A birnin Fas na Maroko, Sarki Abu Inan ya sa an gina agogon ruwa a 1357, ana kiran gidan Dar al-Magana, daura da makarantar Bu Inaniyya. Bangon yana nan, tagoginsa 12 suna nan, amma ya daina aiki tun ƙarnoni, sanin yadda cikinsa ke tafiya kuwa ya bi masu shi kabari. Masana sai kirdado suke yi. Wannan asarar ta fi tsatsa muni, domin tsatsa ana kankare ta. A Alƙahira kuma, a harabar Masallacin Muhammad Ali, akwai agogon hasumiya da Sarkin Faransa Louis-Philippe ya aiko a tsakiyar shekarun 1840, tukwicin dogon dutsen Luksor da aka kafa a Paris a 1836. Mafi yawan rayuwarsa a tsaye ya yi ta, an gwada gyara ba sau ɗaya ba, sai a 2021 hukumar kayan tarihi ta Masar ta sanar cewa ma'aikata 'yan ƙasar sun tayar da shi. 'Yan ƙasa, ba waɗanda aka ɗauko daga Turai ba. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin wanda ya gyara yana gari, in ya sake tsayawa an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Mu dawo gida. Ƙasarmu ba ta tausaya wa ƙarfe mai motsi. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta zuba mana, ƙura mai laushin da babu tagar da ke tare ta. In ta haɗu da mai a jikin agogo sai ta dunƙule ta riƙa cin tagulla da ƙarfe a hankali, har ramin da sanda ke juyawa a ciki ya faɗaɗa, haƙora su daina haɗuwa daidai. Shi ya sa babban laifin da ake yi wa tsohon agogo, da kyakkyawar niyya ma, shi ne a yi masa wanka da baƙin mai ko a cika shi da giris. Haƙoran faifai ba a sa musu mai. Bakin sandunan kaɗai ake ɗiga wa, shi ma kaɗan, bayan an goge tsohon. Ramin da ya faɗaɗa kuwa zoben tagulla ake feƙewa a dasa a ciki, aikin da duk mai injin feƙe ƙarfe a Marwa ko Garwa zai iya in an nuna masa awon.

Sai zafi. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, lilo kuwa in ya ƙara tsawo sai ya rage sauri. Lilon baƙin ƙarfe yana jinkirin kusan rabin sakan a yini a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Ku auna tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Bambancin digiri 20 kaɗai ya isa ya sa agogo jinkirin sakan 10 a yini, fiye da minti ɗaya a mako. Maganinsa na nan a ƙasan lilon: noti ne da ake murɗawa a ɗaga nauyin kaɗan in bazara ta shigo, a sauke shi in hunturu ya dawo. Amma sai da mai murɗawa. Ga jemagu da tantabaru da kashinsu mai cin ƙarfe, ga zanzaro da ke gina ɗakinsa tsakanin haƙora, ga gara a jikin katakon da ke ɗauke da nauyin duka. Duk waɗannan, mai hawa kowane mako zai gan su tun suna ƙanana.

Duk da haka, agogo mai nauyi da igiya ya dace da mu fiye da yadda ake zato. Ba ya shan wuta, ba ya cin batir. Madatsar Lagdo a kan Binuwai, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980, ita ce babbar madogarar wutar arewacin Kamaru, kuma kowa ya san abin da ke faruwa in ruwanta ya ja baya. Saboda haka in wani ya ce a cire tsofaffin faya-fayai a zubar, a sa ɗan injin lantarki a bayan fuskar agogo, wai an sabunta shi, ku ce masa a'a. Wannan kashe agogo ne a bar fuskarsa.

Me muke da shi a hannu? Cocin arewacin Kamaru ba tsoho ba ne kamar na Ingila, amma ya fara tsufa. 'Yan mishan na Lutheran sun iso yankin Ngaundere tun shekarun 1920, limaman Katolika na ƙungiyar Oblat kuma suka zo a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda daga baya ya zama bishop a Garwa. Gine-ginen da suka fara yi, da ƙararrawar da suka rataya, da agogunan da suka shigo da su, yanzu sun kai shekarun da ko dai a kula da su ko a rasa su. Ƙararrawar tagulla tana da nata sharaɗin. Ba a dukanta da guduma ko guntun ƙarfe yadda ake dukan tsohon wilin mota da ke rataye a bishiyar makaranta. Ita kanta babbar ƙararrawar Landan ta tsage a 1859, 'yan watanni bayan fara aiki, saboda gudumar da aka sa mata ta yi nauyi; da tsagar take har yau. Banda kayan coci, akwai tsofaffin agogunan bango masu lilo a masallatai da zaurukan sarakuna da gidajen attajirai, waɗanda aka sauke aka jingine a ɗakin ajiya tun da allon lantarki mai nuna lokutan salla ya shigo. Su ma tarihinmu ne.

Hasumiyar da ke ɗauke da agogo ma tana son kulawa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, kuma yaɓen da ake sabunta mata ne ya tsayar da ita. Haka hasumiyar Goto a Gulfe, ta mutanen Kotoko. A Wusasa kusa da Zariya akwai cocin St. Bartholomew da magina Hausawa suka gina da ƙasa a 1929, yana tsaye. A cikin birnin Zariyar kuma, a watan Agustan 2023, wani ɓangare na tsohon masallacin Juma'a, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya ji ƙansu. Kafin a rataya ƙararrawa ko dutse mai nauyi a saman kowane gini, a kira magini ya duba tukuna.

Akwai wata baiwa da Allah ya yi wa Mindif, ina so ɗalibai su riƙe ta. Lokacin da Kamaru da Najeriya da Nijar ke bi an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas da Girinwic. Mindif tana kusa da digiri 14 da rabi, saboda haka agogonmu da matsakaicin lokacin ranarmu bambancinsu bai kai minti 3 ba. A Kano bambancin ya kai kusan minti 26, a Sakkwato kusan 39. Abin da ya rage shi ne 'yar gaba da baya da rana ke yi a cikin shekara: a farkon Nuwamba tana riga agogo da kusan minti 16, a tsakiyar Fabrairu tana bayansa da kusan 14. Da sanda ɗaya miƙaƙƙiya, da layi daga kudu zuwa arewa a daɓen siminti, da ɗan jadawalin wannan bambanci, kowace makaranta a garin nan za ta iya saita agogo da inuwa. Da haka masu kula da agogunan hasumiya suka riƙa saita nasu kafin zuwan rediyo, da inuwa kuma malamanmu suka riƙa gane zawali.

Yanzu amsar tambayar nan da na fara da ita. Ƙararrawa in ta buga ba ta tambayar addinin kunnen da ya ji ta. Manomi a gonar masakwa, mai talla a kasuwa, majinyaci da ke jiran lokacin magani, duk sun ji. Haka Kirista maƙwabcin masallaci yake tashi da kiran asuba ya kama hanyar gona. Yankinmu ya sha wahalar masu son raba mu a shekarun nan, kuma na fi yarda da zaman lafiyar da aka gina a kan aiki na zahiri fiye da na jawabai. Maƙeri Musulmi da ya feƙe wa agogon coci zobe, da kafinta Kirista da ya gyara wa masallaci akwatin agogonsa, kowannensu yana da abin da zai nuna wa ɗansa ya ce aikina ne.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu gyaran agogo suna ƙarewa. Teburinsu na gilashi a bakin kasuwa ya koma wurin canza batir, ko ya zama na gyaran waya, 'ya'yansu kuma sun kama wata sana'a. Tsohon da ya san yadda ake kwance agogo mai lilo ya mayar, in ya tafi bai koya wa kowa ba, abin da ya sami mutanen Fas ne zai same mu.

Saboda haka ga roƙona. Mai martaba Lamiɗo, ranka ya daɗe, a sa wakili daga fada, shugabannin coci da limamai su ma su ba da nasu, a zagaya da littafi guda a rubuta kowace ƙararrawa da kowane tsohon agogo da ke ƙasar Mindif: inda yake, sunan maƙerin da ke jikinsa, shekarar da aka rubuta, da halin da yake ciki, a ɗauki hotonsa. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, kilomita kusan 25 ne tsakaninmu da ku. Wannan aikin bincike ne da ke jiranku. Kamaru tana da dokar kare kayan al'adu tun 2013, amma doka ba ta kare abin da ba a san da shi ba. Ofishin magajin gari ya ware ɗan abin da za a riƙa ba tsohon mai gyara guda ɗaya, bisa sharaɗin ya zaunar da yara biyu a gabansa. Kuma kada wani coci ko masallaci ya karɓi kuɗin gyara daga mai taimako sai an faɗi sunan wanda zai riƙa naɗewa da gogewa, da inda za a samo ladansa kowane wata.

Ku kuma iyayena, duk wanda ke da tsohon agogo ko ƙararrawa a ɗakin ajiya, ko ya mutu murus, in 'yan gwangwan sun zo kada ku ɗora shi a kan sikeli. Ku bari a zo a rubuta shi tukuna.